Gadon Kirista a Zinder: da wace doka za a raba?

Tambaya: Maigidana ya rasu wata ɗaya ke nan. Kirista ne tun yana saurayi, amma danginsa Musulmi ne. Mun yi aure a meri, wato ofishin magajin gari, sannan a coci. Ya bar ni da ƴaƴa mata uku, da gida a Sabon Gari, kuma akwai gonar mahaifinsu wajen Mirya. Ƙannensa sun ce za su kira malami ya raba, kuma tunda babu ɗa namiji gidan zai koma hannunsu. Ina mafita?

Amsa: Uwargida, Allah ya ba ku haƙuri. Kafin a yi zancen wa zai samu nawa, sai an san da wace doka za a raba, domin a Nijar gado hanya biyu gare shi. Dokar tsarin shari'a ta 2018, kamar waɗanda suka gabace ta, ta ce a sha'anin aure, saki da gado alƙali yana bin al'adar mutane, kuma idan al'adu suka saɓa, ta mamacin ake bi. A Damagaram al'adar da kotu ta saba aiki da ita ta Musulunci ce. Sai dai dokar ta bar ƙofa: wanda ba ya bin wata al'ada, ko ya bar ta, ana yi masa aiki da rubutacciyar doka, wato Kod Sibil da muka gada daga Faransa. Ba sai mutum ya furta cewa ya bar al'ada ba, alƙali yana duba yadda ya tafiyar da lamuransa, musamman idan ya yi su bisa tsarin rubutacciyar doka. Shi ya sa takardar aurenku ta meri ta fi komai nauyi a cikin akwatinki. Ki duba ta da kyau, don wasu takardun rajista ce kawai ta auren al'ada da aka kai meri daga baya, kuma wannan ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A Kod Sibil ƴaƴa su ne magada, mace da namiji rabo ɗaya, kuma muddin akwai ƴaƴa, ƙannen mamaci ba su da ko dala. Addini ba ya shiga lissafin. Ke kuma dokar ta ba ki morar kashi ɗaya cikin huɗu na dukiyar, wato cin amfaninsa ba mallakarsa ba, ban da abin da yake naki tun asali. A rabon Musulunci kuwa, da duka addininku ɗaya ne, kashi 24 za a yi: mata ta ɗauki tumuni, wato 3, ƴaƴa mata 16, sauran 5 na ƴan'uwa. To kin ga ko a hanyar da suke so, gidan bai zama nasu ba. Kuma akwai abin da ba su faɗa miki ba: ƙa'idar da ta ce bambancin addini yana hana gado ba gefe ɗaya take yanka ba, Musulmi ma ba ya gadon wanda ba Musulmi ba. Duk malamin da ya san aikinsa zai gaya musu haka.

Abin da ya fi kayar da zawarawa shi ne sa hannu. Ana taron dangi cikin makoki, a miƙo takarda, a ce ta sulhu ce. Sarakuna, daga mai unguwa har fadar Sarkin Damagaram, doka ta ba su ikon sasantawa, kuma sulhun da kika amince da shi aka rubuta, warware shi aiki ne ja. Ki amsa kira cikin girmamawa, ki tafi da fasto ko wani dattijo, ki saurara. Idan rabon bai yi miki ba, ki ce ba ki amince ba, a rubuta takardar rashin sulhu. Wannan ba rashin kunya ba ne, da ita za ki shiga kotu.

Yanzu sai tattara takardu. Ki yi rajistar rasuwar a meri kafin kwana 60 su cika, in ba haka ba sai an bi ta hukuncin alƙali, ga jira ga kashe kuɗi. Ki haɗa takardun haihuwar ƴaƴan, takardar filin gidan, da shaidar baftismarsa. Idan rajistar cocinku na cikin abin da ya ƙone ranar 16 ga Janairun 2015, lokacin da masu zanga-zanga suka ƙona coci-coci a Zinder, fasto ya rubuta shaida, a samu dattawa biyu da suka san shi a ikilisiya. Ainihin takardun kada su fita hannunki, kwafi kawai za ki bayar. Daga nan a yi zaman iyali a rubuce, a kai kotu ta tabbatar, ki nemi takardar shaidar magada. Ki lura da wanda za a naɗa wakilin magada, domin shi zai karɓi kuɗin banki da haƙƙin CNSS, wato asusun fansho na ma'aikata, idan marigayin ma'aikaci ne. Uwa ita ce ta farko wajen riƙon ƴaƴa ƙanana a Kod Sibil, don haka ki nemi a naɗa ki. Tun zaman farko ki faɗa wa alƙali a fili cewa rubutacciyar doka kike nema, kada ki bari sai an yi nisa a kan al'ada. Hukunci nasa ne, kuma idan bai yi miki ba akwai kotun ɗaukaka ƙara a nan Zinder, amma wa'adinta gajere ne, ki tambayi tsawon wa'adin tun ranar da aka yanke hukuncin.

Gonar Mirya kam kada ki sa rai da yawa. Idan ba a raba ta ba tun rasuwar mahaifinsu, gadon tsohon ne, kuma da al'adarsa za a duba. Dole a fara da sulhu wajen mai gari ko sarkin yankin. Sau da yawa ya fi riba a sassauta a gona don a tsira da gida da zumunci.

Idan kuɗin lauya ya gagara, ki je ofishin ANAJJ da ke babbar kotun Zinder, hukumar da aka kafa a 2011 don taimakon marasa ƙarfi. Kafin nan kada ki bar gidan ko na mako ɗaya, kada kuma ki sayar da komai daga kayansa.