Ruwan toka ko ruwan madara?

Kai yaro, wai mai ɗakin nan ya rasa na zaɓa tsakanin fenti ruwan toka da ruwan madara, shi ne kake tambayata me za ka ce masa? Ajiye burushin nan, ka fama min tsohon miki.

Wata shekara na karɓi aikin ɗakin amarya a cikin gari. Ango ya zaro waya ya nuna min wani falo ruwan toka, wai irinsa sak yake so. Na ce Alhaji, falon nan tagoginsa kamar ƙofar shago, naka kuwa taga ɗaya ce, ita ma katangar maƙwabci ta tare ta. Ya ce ai kuɗinsa ne. To. Na je kasuwar Ƙofar Ruwa na ɗauko fenti bokiti biyu masu lita 20, muka shafa hannu biyu, wato sau biyu, bango ya yi sumul.

Ranar jere dangin amarya suka shigo da la'asar, ɗaki ya yi duƙuƙu kamar an yi magariba. Wata gwaggo ta ce kurkuku za a saka musu 'ya. Angon nan wallahi ya dubi tsabar idona ya ce ba kalar da ya nuna min ba ke nan! Ya riƙe cikon kuɗina, wai sai na mayar ruwan madara. Fenti mai haske kuma ba ya rufe mai duhu ta daɗi, sai da na yi hannu uku, daga aljihuna. Har yau in na hango shi a masallacin Juma'a sahu nake sauyawa.

Ruwan toka ɗan gata ne, sai ɗaki mai manyan tagogi. Ruwan madara yana buɗe ƙaramin ɗaki, yana ɓoye ƙurar hunturu, amma a ƙarƙashin jan ƙwan lantarki sai ya koma kamar kunun gyaɗa.

Kada ka zaɓa masa. Shafa kowanne kamu ɗaya a jikin bangon, ka bari ya bushe, don ɗanyen fenti maƙaryaci ne. Ya gani da safe, da la'asar, da dare. Ya nuna da yatsansa a gaban shaida.

Zancen kankare bango kuwa, in sai na koya maka, koma tallan ruwa. Ku yaran yanzu komai sai waya. Tashi ka wanke rolar can kafin ta ƙandare.