Ƙurajen ƙeya bayan aski: daga ina suke, kuma me ke kashe su?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 28. Kusan shekara biyu ke nan ƙuraje na feso mini a kai, musamman a ƙeya, kwana biyu ko uku bayan na yi aski. Ga ƙaiƙayi, wasu na tara mugunya, yanzu kuma wasu sun yi tauri kamar tsakuwa. Mai askina ya ce dattin jini ne, wani abokina kuma ya ce in shafa man birki. Don Allah mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya. Ba dattin jini ne ya kawo su ba, man birki kuwa a bar wa mota abinta. Ƙona fata yake yi, kuma a irin fatar da ka kwatanta, ƙuna ita ce ke ƙara girman tabo.

Kowane silin gashi yana da ɗan ramin da yake tsirowa, a gefensa akwai jakar da ke fitar da maiƙo. Idan ramin ya toshe da maiƙo, gumi da mataccen saɓar fata, ko kuma reza ta yi masa rauni, sai ƙwayoyin cutar da dama can suna zaune a jikin fata su samu ƙofa. Wani lokaci bakteriya ce, wani lokaci kuma irin naman gwarin nan ne da ke haddasa amosani. Shi ke nan ƙurji ya tashi.

Amma abin da ya ja hankalina a wasiƙarka shi ne taurin da ka ambata, da kuma wurin. Gashinmu murɗaɗɗe ne. Idan aka kankare shi ƙwal, ya zo tsirowa sai ya lanƙwashe ya soki fatar da ya fito daga ciki, jiki kuma ya ɗauke shi kamar ƙaya, ya yi ta yaƙi da shi. Ƙeya ce ta fi shan wahala, domin nan ne wuyan riga da bakin hula suke gurza dare da rana. Wannan lalura ta fi kama maza baƙar fata daga balaga zuwa shekaru 40. Da farko ƙananan ƙuraje ne kamar ƙwayar gero. In aka ci gaba da bin su da reza, sai su haɗe su zama tudun tabo mai sheƙi, wanda gashi ba ya sake fitowa a kansa har abada. Na ga waɗanda suka zo da tabo kamar faɗin tafin hannu, suna ɓoye shi da rawani. Kai dai da alama ba ka kai can ba.

Saboda haka maganin farko ba a kyamis yake ba. Ka daina askin ƙwal, ka daina bari a gyara maka layin ƙeya da reza. Ka ce wa mai aski ya sa wa kilifa mataji, ya bar gashi ya ɗan tasa, kuma ka huta da aski a wurin na tsawon wata biyu ko uku. Ka sayi kilifarka in da hali. Fesa sifirit da ake yi a shago, ko ɗan haska mata wutar laita, bai isa ya tsabtace ta ba. Basilin da man gashi mai kauri su ma a ajiye su tukuna. Hula a riƙa wanke ta, a kuma sassauta.

Sai wanki. Ka nemi sabulun wanka mai benzoyil feroksaid, ka shafa a ƙeya, ka bar shi minti 2 zuwa 3 kafin ka ɗauraye. Yana koɗar da launin tawul da rigar matashi, don haka ka yi amfani da farare. Idan da amosani, ka haɗa da shamfu mai ketokonazol na kashi 2 cikin ɗari, sau biyu a mako, a bar kumfar minti 5. Mutane da yawa na wankewa nan take, su dawo su ce bai yi aiki ba.

Ƙurajen da suka yi mugunya da masu taurin kuwa sai an duba su ido da ido. Likita zai iya rubuta maka maganin kashe bakteriya, kamar kilindamaisin na shafawa, ko ƙwayar doksisaikilin ta wasu makonni. Ana shan ta da ruwa mai yawa, ba a kwanciya nan take bayan an sha, kuma ba a ba mai juna biyu ko yaron da bai kai shekara 8 ba. Masu taurin ana yi musu allurar sitiroyid, wato maganin rage kumburi, a cikin ƙurjin kansa, kamar wata-wata, har su kwanta. Kada ka sayi man shafawar nan mai haɗi uku (sitiroyid da maganin bakteriya da na naman gwari) da ake sayarwa barkatai. Ƙaiƙayin zai lafa na kwana biyu, daga baya kaurin fata ya ragu, ƙurajen su dawo da ƙarfinsu.

Kada ka matse, kada ka sosa da farce ko tsinken sakace. Ka ba maganin mako 6 zuwa 8 kafin ka yanke masa hukunci. Amma in ka ga zazzaɓi, ko kaluluwa a wuya, ko ƙurji ya kumbura ya zama maruru mai zogi, ko gashi ya fara zubewa a wurin, ka tafi asibiti a wannan makon, ka nemi a tura ka sashen likitocin fata.