Amsar Gwaggo kan beli, hayaƙi da turaren wuta

'Yata, saƙonki ya iso. Ina gaida maigidan da Hajiya, a shafa mini kan angon nawa. Kin ce ya cika shekara 7, tun da kuka koma Agege tari ke tashinsa tsakar dare, numfashinsa yana fito, in ya yi guje-guje sai ya dafe ƙirji. Hajiya ta ce beli ne, a kai shi wurin wanzami, a kuma riƙa yi masa hayaƙin habbatus sauda. Ke kuma kina tambaya ko ɗakin matar aure zai zauna ba turaren wuta.

Abin da kika bayyana ya fi kama da asma, don haka maganar wanzami ki ajiye ta gaba ɗaya. Beli tsoka ce da Allah ya halicci kowa da ita a saman maƙogwaro, ita kuwa asma can ƙasa take, cikin ƙananan hanyoyin iska na huhu, inda aska ba ta kaiwa. Bangon hanyoyin ne ke kumbura, majina mai kauri ta taru, naman da ya kewaye su ya matse. In an yanke belin tarin yana nan, an dai ƙara wa yaro haɗarin zubar jini, da sandarewar wuya, da ciwon hanta in ƙarfen ya taɓa wani kafin shi. Zuma cokali ɗaya da dare ba laifi tunda ya wuce shekara ɗaya, shafa man kaɗanya a ƙirji ba laifi, tofi da addu'a kuwa ki ƙara. Habbatus sauda a ci ta a abinci. Da zarar an zuba ta kan garwashi ta zama hayaƙi, huhun da ya kumbura kuma bai san hayaƙi mai albarka da na bola ba, duk matsewa yake yi. Sirace cikin bargo ma ki bar shi, bai buɗe hanyar iska, ga ƙunar ruwan zafi da yake jawo wa yara.

Amma kafin ki kira ciwon da suna, a tabbatar tukuna. Babban asibitin Orile-Agege na kusa da ku, asibitin koyarwa na jiha yana Ikeja, na tarayya yana Idi-Araba, akwai na yara a titin Massey cikin Eko. Likita zai fi dogara da abin da kika faɗa masa, saboda da rana yaron zai iya zuwa garau, a saurari ƙirjinsa ba a ji komai ba, don haka ki je da bayani a shirye. Dare nawa a mako yake tashi, ko ya fi tsanani da asuba, ko mura ce ke tayar da shi ko ƙura ko gudu, ko yana yawan atishawa da ƙaiƙayin ido da na fata, ko akwai mai irin wannan a danginmu ko na ubansa. In akwai rama, zazzaɓi da gumin dare, ko wani babba mai tsohon tari a gidan, ki faɗa da wuri, don a yi gwajin tarin fuka. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Gwajin da ke tabbatar da asma na hura iska ne, wanda ake yi da na'urar sifirometa. Yaro zai cika ƙirji ya hura da iyakar ƙarfinsa, a rubuta yawan iskar da ta fita a daƙiƙar farko. Sai a ba shi salbutamol ya shaƙa, a jira minti 10 zuwa 15, ya sake hurawa. In iskar ta ƙaru da fiye da kashi 12 cikin 100, alama ce mai ƙarfi. A babba ana son ƙarin ya kuma kai mililita 200. Ɗan ƙasa da shekara 5 ba ya iya wannan gwajin, shi sai a gwada masa magani wata 2 zuwa 3 a ga yadda zai yi, amma angona ya isa. Kada ki ba shi maganin buɗe ƙirji da safen ranar gwajin sai in ya matsu, yana ɓoye abin da ake nema.

Ba kowane asibiti ke da wannan na'ura ba. In ba a samu ba, ki sayi ɗan ma'aunin huci na roba da ake kira fik fulo a babban kantin magani. Ya tsaya tsaye, a mayar da allurar kan sifiri, ya rufe bakinsa ruf a kan bututun, ya hura sau ɗaya da sauri. Sau 3 zai yi, ki rubuta mafi girma, safe da dare, har mako 2. A ce da safe ya hura 160, da dare 200. Bambancin 40 ne, tsakiyarsu 180, wato kusan kashi 22 cikin 100. A yaro, in matsakaicin wannan bambanci ya haura kashi 13, a babba kashi 10, yana nuna asma. Inda ake ɓata lissafin shi ne yaro ya toshe bututun da harshe, ko ya yi tofi a ciki allurar ta yi tsalle, ko uwa ta manta kwana 3 ta cike daga kanta. Gurbin da kika manta ki bar shi fili.

In ta tabbata, magungunan shaƙa, wato inhela, iri biyu ne, nan kuma mutanenmu ke faɗawa rami. Shuɗin nan, salbutamol ko Ventolin, yana sassauta matsewar cikin 'yan mintuna, amma bai taɓa kumburin ko kaɗan. Na biyun, beclomethasone ko budesonide, shi ke kashe kumburin a hankali, kullum ake shaƙarsa ko yaro na lafiya, sai ya yi mako 1 zuwa 2 kafin a fara ganin aikinsa. Da yake shuɗin ne ake jin daɗinsa nan take, sai a riƙe shi a watsar da ɗayan, kumburin yana ƙaruwa a ɓoye har ranar da shuɗin zai kasa. Tun 2019 ƙa'idar GINA, wadda likitocin duniya ke bi kan asma, ta daina yarda a bar matashi ko babba a kan shuɗin kaɗai. Gwangwani ɗaya fesa 200 ne. Wanda ke ƙarar da 3 a shekara ciwonsa bai kwanta ba. Za ki ji ana cewa in yaro ya saba da inhela ba ya rabuwa da ita. Ba ta sa jaraba. In ya yi wata 3 lafiya likita da kansa zai rage. Abin da aka sani na illa shi ne farin baki da dushewar murya, shi ya sa zai kurkure baki ya zubar bayan kowace shaƙa, sai ɗan ragin tsawo na kusan santimita 1, wanda bai kai ɓarnar da rashin barci da yawan kwanciya asibiti ke yi wa girman yaro ba.

Tun da kamfanin GSK ya sanar da janye harkarsa ta kai tsaye daga Najeriya a 2023 kuɗin inhelolinsa, Ventolin da Seretide, ya yi tashin gwauron zabo, sai mutane suka koma ƙwayoyin kemis. Ƙwayar salbutamol da Franol suna sa rawar hannu da bugun zuciya, su dexamethasone da prednisolone kuwa in an daɗe ana sha suna kumbura fuska, su hana girma, su raunana ƙashi. Salbutamol na wasu kamfanoni yana aiki daidai da mai tsadar, ki dai duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ki tambayi maigidan ko ya yi muku rajistar inshorar lafiya ta jihar Legas, Ilera Eko.

Kada ki fesa masa a baki kai tsaye, yawancin maganin a maƙogwaro zai tsaya. Ana sayar da mazubin da ake haɗawa da inhela, in ya yi tsada robar ruwa mai mililita 500 ta isa, an gwada ta a kan yara a Afirka ta Kudu ta yi aiki. Ki huda gindinta daidai girman bakin inhelar yadda zai shiga cif, ki wanke da ruwan sabulun wanke-wanke, ki bar ta ta bushe da kanta. Kada ki goge da tsumma, gogewa na sa maganin ya manne a jikin robar. Ki girgiza inhelar, ya kama bakin robar da leɓɓansa, fesa ɗaya, numfashi 5 ko 6 a hankali, sannan a sake girgizawa a yi ta gaba. Fesa biyu a lokaci guda asara ce.

Sai turaren naki. Ba na ce ki zubar da kaskonki ba, na san abin da ƙamshin ɗaki yake a wurin mace, balle a Legas inda damshi ke sa komai warin gumi. Ki fitar da kasko da kabbasa baranda ko tsakar gida lokacin da yake makaranta, ki turara kayanki can, su sha iska kafin su shigo. Ɗakin da yake kwana da kayan sawarsa da zanin gadonsa kada hayaƙi ya taɓa su. Humra ki shafa kaɗan, ki lura ko tana sa shi tari. In za ku gidan biki ko suna inda ake ta turare, shuɗin da robar su kasance a jakarki. Kuma kada a ɗora wa turare laifin duka: maganin sauro na kunnawa ya fi shi daɗewa yana hayaƙi a ɗaki, ki koma gidan sauro. Janareta a nesa da taga, risho da gawayi a waje, fumfunar bango a kankare ta in damina ta kama, abinci a rufe saboda kyankyaso, shara a yayyafa ruwa tukuna, musamman in hazon Disamba da Janairu ya sauko. In zazzaɓi ya kama shi, paracetamol za ki ba shi, su asfirin da ibuprofen suna tayar wa wasu masu asma.

Ki sa likita ya rubuta miki abin yi ranar tashin ciwo, ki manna a bango. In ma'aunin ya sauka ƙasa da kashi 80 na mafi kyawun hucinsa, ciwon na tasowa. Ƙasa da kashi 50, ko ya kasa ƙarasa magana, ko tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓensa ya sauya launi, asibiti ne nan take. Ƙirjin da ya yi shiru bayan yana fito, yaro kuma ya yi laushi, ya fi kowanne haɗari. Ki zaunar da shi, kada ya kwanta, fesa 4 zuwa 10 ta robar ɗaya bayan ɗaya, ki maimaita duk minti 20 kuna hanya. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767, amma kin san cunkoson hanyar Ikeja, don haka tun yau ki gano asibiti mafi kusa da ke buɗe da dare kuma yake da iskar oksijin.

Hajiya kuma kada ki yi musu da ita, ba hurumin suruka ba ne. Ɗanta ya yi mata maganar, ku tafi da ita ranar gwajin ta ga lambar kafin magani da bayansa da idonta, sannan ki roƙe ta ta riƙe littafin ma'aunin, ta riƙa tsaya masa safe da dare. In kun dawo ki turo mini hoton takardar likitan da na littafin in duba.