Shin akwai masu tsattsauran kishin ƙabila a cikin Kurdawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe da sanin Kurdawa a matsayin al'ummar da aka zalunta, wadda ba ta da ƙasar kanta. Amma kwanan nan na ga wasu Kiristocin Iraƙi suna kokawa a intanet cewa akwai Kurdawa masu tsattsauran ra'ayi da ke nuna musu ƙiyayya, har da masu ɗaga tambarin 'yan Nazi. Shin gaskiya ne, ko farfaganda ce ta gwamnatocin da ke gaba da Kurdawa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ka gani yana da tushe, farfagandar ma akwai ta, domin gwamnatocin da ke takun saƙa da Kurdawa, musamman ta Turkiyya, ba sa barin laifin Bakurde ya wuce ba tare da sun yayata shi ba. Sai dai amfanin da abokin gaba ya yi da magana ba ya mayar da ita ƙarya, don haka ya kamata a duba koken nan a kan kansa.

Kurdawa mutane ne da ake ƙiyasta yawansu tsakanin miliyan 30 zuwa 40, suna zaune a Turkiyya da Iran da Iraƙi da Siriya, kuma mafi yawansu Musulmi ne 'yan Sunna. Daga cikinsu Salahuddin al-Ayyubi ya fito. Yarjejeniyar Sèvres ta 1920 ta buɗe musu ƙofar samun ƙasa, ta Lausanne ta 1923 kuwa ta rufe. Bayan haka sun sha wuya ƙwarai: a Siriya ƙidayar Hasaka ta 1962 ta raba kimanin mutum 120,000 da shaidar zama 'yan ƙasa, a Turkiyya an taɓa haramta harshensu da doka, a Iraƙi kuma gwamnatin Saddam Husaini ta kashe kimanin mutum 5,000 da iska mai guba a Halabja ranar 16 ga Maris, 1988. Kishin Kurdawa a cikin wannan ƙunci ya girma, shi ya sa da yawa daga masu goyon bayansu ba sa son jin cewa su ma suna iya danne wani.

Amma ƙasar da Kurdawa ke kira Kurdistan ba su kaɗai ne a cikinta ba. Akwai Assuriyawa da Kaldiyawa Kiristoci masu magana da harshen Aramiya, akwai Armeniyawa, Turkumawa, Larabawa, 'yan Shabak da Yazidawa, kuma tsakanin wasunsu da Kurdawa akwai tsohon jini da bai bushe ba. A 1843 da 1846 dakarun Badar Khan, sarkin Botan, sun yi wa Assuriyawan duwatsun Hakkari kisan kiyashi. A 1891 Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Abdulhamid na Biyu, ya kafa rundunar mahaya ta Hamidiyya daga ƙabilun Kurdawa, wadda ta taka rawa a kashe-kashen Armeniyawa na 1894 zuwa 1896. A kisan ƙare dangi na 1915, da ya rutsa da Armeniyawa da Assuriyawa, wasu ƙabilun Kurdawa sun kashe sun kuma gaje gonaki da gidaje, wasu kuwa, kamar mutanen Dersim, sun ɓoye waɗanda ake farauta. A watan Maris na 1918 shugaban ƙabilar Shikak, Simko, ya gayyaci babban limamin cocin Assuriyawa, Mar Shimun Binyamin, zaman sulhu kusa da Salmas a Iran, aka harbe shi a lokacin da yake shirin tafiya. Har yau wasu masu kishin Kurdawa na ɗaukar Simko gwarzo, Assuriyawa kuwa suna ganinsa maci amana, kuma a ganina wannan saɓani a kan mutum guda ya fi kowane jawabi bayyana inda gizo ke saƙa.

Game da masu tambarin Nazi da ka ambata, akwai su. A 'yan shekarun nan wata ƙungiya mai suna Hawpa ta ɓulla a Kurdistan ta Iraƙi, yankin Kurdawa mai cin gashin kansa a arewacin ƙasar, tana bin aƙidar 'yan Nazi a fili. Masu irin wannan ra'ayi suna dogara ne da cewa harshen Kurdanci ɗan dangin harsunan Iran ne, sai su gina da'awar cewa su "Ariyawa" ne masu tsarkin jini, Larabawa da Turkumawa 'yan mamaya ne, Assuriyawa kuwa baƙi ne da ba su da haƙƙi a ƙasar. Da'awar ta ƙarshe ba ta tsayawa gaban tarihi, domin majami'u da gidajen ibadar Kiristocin yankin, irin su Mar Mattai da ke kusa da Mosul, sun girmi zuwan Musulunci. Sai dai waɗannan mutane 'yan ƙalilan ne, ƙarfinsu a shafukan sada zumunta yake, ba su riƙe da gwamnati ko runduna. Manyan jam'iyyun Kurdawa ma ba daga wannan tsatso suka fito ba: KDP ta gidan Barzani a Iraƙi, da aka kafa a 1946, jam'iyya ce ta kishin ƙasa mai jingina da sarautun ƙabila, PUK ta 1975, ita ma a Iraƙi, ta fi karkata ga ra'ayin gurguzu mai sassauci, PKK ta Turkiyya kuwa, da aka kafa a 1978, da aƙidar Markisanci ta fara.

Saboda haka, idan mutum ya tsaya a kan masu tambari kawai, zai bar jaki yana dukan taiki. Abin da ya fi damun ƙananan ƙabilu shi ne ƙasar noma, da rajistar ko su wane ne, da ikon jam'iyyun da ke mulki, musamman a yankunan da Bagadaza da Erbil, hedkwatar Kurdistan ta Iraƙi, ke jayayya a kansu. A 2009 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa hukumomin Kurdawa na matsa wa Yazidawa da 'yan Shabak a lardin Ninawa su amsa sunan Kurdawa, da alheri ga wanda ya yarda, da tsangwama ga wanda ya ƙi. Lissafin a bayyane yake: duk ƙauyen da aka ƙidaya a matsayin na Kurdawa yana ƙarfafa hujjar shigar da yankin cikin Kurdistan. Assuriyawan kwarin Nahla a lardin Duhok sun daɗe suna ƙarar maƙwabtansu Kurdawa da cin iyakar gonakinsu, kuma a 2016 jami'an tsaro sun tare su a hanya don hana su zuwa zanga-zanga a Erbil. A majalisar Kurdistan an ware wa 'yan tsiraru kujeru 11 cikin 111, amma da yake kowa na iya jefa ƙuri'a a kan kujerun, sai aka riƙa zargin KDP da tura magoya bayanta su zaɓi waɗanda take so. Kotun ƙolin tarayyar Iraƙi ta soke tsarin a Fabrairun 2024, daga baya aka mayar da kujeru biyar kacal.

Batun Yazidawa ya fi ciwo. Mafi yawansu Kurdanci suke yi, amma addininsu daban ne, kuma wasunsu na ɗaukar kansu al'umma mai zaman kanta. Ranar 3 ga Agusta, 2014, dakarun Peshmarga, wato sojojin Kurdistan ta Iraƙi, da ke gadin Sinjar, yankin Yazidawa, sun janye gabanin isowar mayaƙan IS, aka kashe dubban mutane, aka kwashe dubban mata da yara bayi. Mayaƙan Kurdawan Siriya na YPG da na PKK ne kuma suka buɗe hanyar da ta fitar da waɗanda suka maƙale a kan dutsen Sinjar zuwa Siriya. Wato Kurdawa ne suka bar su, Kurdawa ne kuma suka cece su, kuma amanar da ta karye a ranar ba ta gama ɗinkewa ba.

Larabawa ma sun ɗanɗana. Amnesty International ta zargi YPG a 2015 da rushe ƙauyuka a arewacin Siriya da korar mazaunansu, ta kuma zargi Peshmarga da irin haka a arewacin Iraƙi a 2016. Kurdawa sun ce matakan yaƙi ne da IS, kuma kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2017 bai samu hujjar cewa YPG na share ƙabila da gangan ba, ko da yake ya tabbatar da an raba mutane da muhallansu.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Lokacin da IS ta mamaye filayen Ninawa, dubun-dubatar Kiristoci a Erbil suka samu mafaka, musamman a unguwar Ankawa. A Turkiyya kuma 'yan siyasar Kurdawa sun yi abin da gwamnatin ƙasar ta ƙi yi: Ahmet Türk, wanda ya riƙe magajin garin Mardin, ya nemi gafarar Armeniyawa da Assuriyawa da Yazidawa a kan abin da kakanninsa suka aikata, kuma hukumar birnin Diyarbakır ta taimaka wajen gyara cocin Armeniyawa na Surp Giragos, wanda aka sake buɗewa a 2011.

Abin da ke ciyar da masu tsattsauran ra'ayi a yau shi ne rashin warware makomar yankunan da ake jayayya a kansu. Sashe na 140 na kundin tsarin mulkin Iraƙi na 2005 ya tanadi a gyara ɓarnar da Saddam ya yi lokacin da ya kori Kurdawa da Turkumawa daga Kirkuk ya zaunar da Larabawa, sannan a yi ƙidaya da ƙuri'ar raba gardama kafin ƙarshen 2007. Ba a yi ƙuri'ar ba har yau. Da Iraƙi ta gudanar da ƙidayar jama'a a Nuwamban 2024, sai aka cire tambayar ƙabila daga takardar gaba ɗaya, domin kowane ɓangare a Kirkuk da Ninawa na tsoron abin da adadin zai nuna.