Ƙudaje sun addabi gidan kajina: in sa magani a abincinsu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon kajin ƙwai a keji a bayan gidanmu. Tun da damina ta kankama ƙudaje suka cika mana gida, har maƙwabta sun fara ƙorafi. Mai sayar mini da abincin kaji ya ce akwai maganin da ake gaurayawa a abinci. Gaskiya ne? Ba zai taɓa ƙwai ba?
Mai kiwo daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya ya faɗa miki. Sunan sinadarin cyromazine, an fi saninsa da Larvadex. Kaza za ta ci, ya bi ta cikinta ya fita a kashi. Ƙuda ya zo ya saka ƙwai a kashin, tsutsa ta ƙyanƙyashe, amma ta kasa saɓa ta girma, sai ta mutu. Manyan ƙudajen da ke shawagi yanzu kuwa ba ya taɓa su, saboda haka kada ki sa ran ganin sauƙi washegari.

Ma'auninsa kaɗan ne ƙwarai: giram 5 na tsantsar sinadarin a tan guda na abinci. Shi ya sa na fi so a haɗa miki a injin haɗa abincin kaji, don hannu ba ya gauraya shi daidai. A wannan ma'aunin ƙwan ya ciyu. Ana ba su sati 4 zuwa 6 a dakata, domin in aka zarce ƙudajen kan saba da shi. Ba a ba kajin nama, kuma in za ki yanka tsofaffin, ki janye shi kwana 3 kafin nan.

Don Allah kada wani ya ruɗe ki ki zuba Sniper ko fiya-fiya a abinci. Guba ce ga kajin da masu cin ƙwan.

Amma ni abin da ya fi damuna danshi ne. Ki durƙusa ki leƙa ƙarƙashin kejin, daidai layin famfon shan ruwansu. In kin ga kashi ya yi caɓal, ki tona da sanda, za ki tarar tsutsa na motsi. Bakin famfo ɗaya mai ɗiga ya isa ya cika unguwa da ƙuda, tunda a lokacin ɗumi kwana 7 zuwa 10 kawai ƙwai ke yi ya zama ƙuda. Ki gyara yoyon rufi da na famfo, ki buɗe wa iska hanya, ki riƙa kwashe kashin sau biyu a sati. Wanda kika tara wa masu sayen taki ki lulluɓe shi da baƙar leda a rana, zafin zai kashe tsutsar.