Za a iya dogaro da labarin baka na 'yan Lakota kan yaƙin 1876?

Malam, ka tambaya ko abin da dattawan Lakota, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, ke faɗa game da yaƙin da suka yi da sojojin Amurka a bakin kogin Little Bighorn tarihi ne ko tatsuniya. To, wa kuma za a tambaya? Ranar 25 ga Yuni 1876, kwamanda George Custer da sojojin Amurka sama da 200 da ke tare da shi babu wanda ya tsira. Yadda ƙarshensu ya kasance, daga bakin Lakota da abokan yaƙinsu 'yan ƙabilar Cheyenne aka ji shi. Wani jagoran Lakota, Red Horse, ya ba da nasa bayanin a 1881, har ya zana hotuna 42 na fafatawar, suna nan a ajiye a Smithsonian, cibiyar gidajen tarihi ta Amurka.

Akwai kuma abin da ba a auna shi da ma'aunin bature. Suna cewa kafin yaƙin, babban jagoran Lakota Tatanka Iyotake, wato Sitting Bull, ya ga wahayin sojoji suna faɗowa cikin sansani kamar fara, kawunansu a ƙasa. Ka yarda ko kar ka yarda, mayaƙan sun yarda, kuma da wannan ƙarfin gwiwa suka fita.

Matsalar, a ganina, tafintoci ne, da tsoron ramuwar gayya da ya sa wasu tsofaffin mayaƙa suka riƙa tauna magana a gaban farar fata.