Hukuncin Kiran Abubakar da Buba ko Abakar

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara sani. Ni mazaunin Garwa ne a Kamaru. An raɗa wa ɗana Abubakar, sunan mahaifina, amma kakarsa ta wajen uwa Bafulatana ce, Buba take ce masa, har a takardar haihuwa aka rubuta "Bouba". Wani ɗalibi ya ce mun ɓata sunan sahabi, wai sai mun sake yanka rago. Mece ce gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya yaro, ya sa ya gaji mai sunan. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka: ba ku yi laifi ba, kuma babu wani rago a kanka.

Shi kansa Abubakar alkunya ce. Sunan halifa na farko, Allah ya ƙara masa yarda, Abdullahi ne ɗan Usman, ana kiran mahaifinsa Abu Ƙuhafa, shi halifan ya rasu a shekara ta 13 bayan Hijira. A Larabci "abu" uba ne, "bakr" kuwa saurayin raƙumi. Ka ga darajar sunan ba daga haruffansa ta zo ba, daga mutumin da ya zauna da Annabi a kogon Sauru ta zo.

Da sunan ya iso ƙasashenmu, kowane harshe ya lanƙwasa shi yadda bakin mutanensa ya saba. Bahaushe ya ce Garba ko Habu, Babarbare ya ce Bukar, Bafulatani ya ce Buba ko Bakari, ka tsallaka daga Kusuri ta Kamaru zuwa Injamena ta Chadi ka ji Abakar ko'ina. Garin Rai Buba na Kamaru ma daga sunan Lamiɗo Buba Njidda ya samo nasa. A gidajenmu kuwa, surukar da aka sa wa ɗanta sunan uban mijinta ba za ta iya furta shi ba, sai ta sakaya. Wannan ladabi ne, ni ina ganin kyawunsa ƙwarai.

Hujjar tana cikin sunna. Imamu Buhari ya ruwaito Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kira Nana A'isha da "Ya A'ish", ya kira Abu Huraira da "Ya Aba Hirr", har Buhari ya ware babi kan wanda ya kira abokinsa ya rage harafi daga sunansa. Abin da aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana shi ne jifan juna da laƙabin da mutum yake ƙi. Buban da kaka ke faɗa tana goya jika bai shiga nan ba.

Wuri ɗaya nake jan kunne: sunan da ke ɗauke da sunan Allah. Kada a yanke Abdurrahman a bar "Rahman" kaɗai, a ce Abdu ya fi.

Takardar haihuwa, in gyaranta zai yi sauƙi ka gyara don gudun saɓani a makaranta, in ba haka ba ka bar ta. Idan ya yi wayo ka gaya masa cikakken sunansa da tarihin mai shi.

Wallahu a'alam.